Ra'ayi: A daina goge kwamfuta kafin a san abin da ke ƙamar da ita

A gidaje da shaguna da dama a Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa, akwai wata kwamfuta da ba a kashewa. Tana nan ƙarƙashin tebur ko bayan kanta, wani lokaci ko allo ba a haɗa mata ba. Ita ke riƙe da aikin mai ɗaukar hoto na shekaru, da lissafin kantin magani, da fina-finai da waƙoƙin da ake tura wa mutane a waya, da makin ɗaliban makaranta mai zaman kanta. A wani gidan kuma ita ke tara hotunan kyamarorin da ɗan ci-rani ya kafa a ginin da yake yi, yana leƙawa daga Faransa ko Libiya. Masu sana'ar suna kiranta saba, wasu su ce uwar garke, saboda wurinta sauran na'urorin gidan ke zuwa ɗibar abin da suke so.

Ciwon da ya fi addabar irin wannan kwamfuta shi ne ƙamewa. Fitila na ci, fanka na juyawa, amma ta tsaya cik, ba ta amsa kowa. Sai an danne maɓallin wuta ta mutu, a sake tayar da ita. Ta yi kwana biyu ko mako guda lafiya, ta sake. Idan abin ya ishi mai ita sai ya ɗauke ta zuwa wurin mai gyara, kuma amsar da ya fi ji ita ce cuta ce ta shige ta, sai an goge komai an sake zuba mata sabon Windows.

Ina ganin wannan ɗabi'a ta saurin gogewa tana cikin abubuwan da suka fi jawo wa ƙananan masu sana'a asara a harkar kwamfuta a ƙasar nan. Kwamfutar da ke ƙamewa jefi-jefi a yanayi irin namu, abin da ya kamata a fara tuhuma shi ne zafi, ƙura, wutar lantarki da kayan cikin da suka gaji. Wanda ya goge manhaja ya bar waɗannan, ya bar jaki yana dukan taiki.

Abin da gogewa ke ɓatawa

Kowace kwamfuta tana da littafin da take rubuta abin da ke faruwa da ita, minti bayan minti. A Windows ana duba shi ta Event Viewer. A Linux, wanda matasa da yawa ke sa wa sabarsu, umarnin journalctl -b -1 yana nuna abin da aka rubuta a tashin da ya gabata, wato har zuwa lokacin da ta ƙame, muddin an saita ta tana adana rubutun a faifai. Wannan littafi shi ne babban mai shaida a shari'ar, kuma ranar da aka goge faifai ya tafi tare da komai.

Karanta shi ba ya buƙatar digiri. Abin da ake nema shi ne layukan ƙarshe kafin ƙamewar. Idan suna cike da ƙorafi kan faifan ajiya, an san inda za a nufa. Idan suna cewa wurin aiki ya ƙare har an fara kashe wasu manhajoji, to nauyin da aka ɗora mata ya fi ƙarfin RAM ɗinta. Idan kuma rubutun ya yanke kwatsam ba tare da wani kuka ba, wannan ma bayani ne: abin ya faɗo mata da sauri har ba ta samu damar rubutawa ba, kuma hakan ya fi kama da matsalar wuta, zafi ko kayan ciki. Masu Windows su lura da wani abu guda. Saƙon Kernel-Power mai lamba 41 da ke firgita mutane yana faɗin cewa kwamfutar ta mutu ba bisa ƙa'ida ba, kuma iyakar abin da yake faɗi ke nan. Kai ma da ka danne maɓalli ka kashe ta, shi za ka gani.

Akwai littafi na biyu da mai kwamfutar ne zai riƙe da hannunsa. Duk ranar da ta ƙame ya rubuta kwanan wata da lokaci, da aikin da take yi, da ko an ɗauke wuta ko an dawo da ita a kusa da lokacin. Bayan ƙamewa biyar ko shida sai zane ya fito. Wadda ke ƙamewa tsakanin azahar da la'asar daban take da wadda ke ƙamewa da asuba lokacin da ba kowa a kanta, kuma dukkansu daban suke da wadda ke tsayawa duk lokacin da aka fara kwafe manyan fina-finai.

Kafin ma a kai ga nan, a tabbatar da cewa ƙamewa ce ta gaske. A haɗa mata allo da allon rubutu, a danna Caps Lock a ga ko ƙaramar fitilarsa za ta kama. Idan ta kama, kwamfutar na da rai. Watakila barci ta shiga saboda saitin adana wuta, ko hanyar sadarwar ce ta yanke, ko na'urar rarraba intanet ta ba wata waya adireshin da sabar ke amfani da shi. An sha wahalar da kwamfuta mai ƙoshin lafiya saboda igiyar sadarwa da ɓera ya ɗanɗana.

Zafi da ƙura

Yawancin kwamfutocin ofis da ke shigowa ƙasar nan na hannu ne, kuma waɗanda suka ƙera su kan rubuta a takardunsu cewa su yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin shago mai rufin kwano da aka kulle da rana. Ga hunturu da ke cusa ƙura cikin kowace kafa. Ƙurar nan tana taruwa a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta zama kamar bargo, iska ta kasa wucewa.

Ita ƙwaƙwalwar tana da dabarar kare kanta. Idan zafinta ya kusanci digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu, idan ya ci gaba ta kashe kanta. Sauran kayan ba duka ke da wannan gata ba. Faifan ajiya mai juyawa yawanci iyakarsa digiri 60 ne. Ƙananan gwangwanayen nan masu ajiye caji da ke kan babban allon ciki da cikin akwatin wuta, ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon rayuwarsu biyu. Ke nan na'urar da za ta daɗe a ofis mai sanyi a Turai tana tsufa da wuri a Birnin Konni.

Maganin ba shi da tsada. A cire wuta, a buɗe akwatin, a hure ƙurar da abin hura iska, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa a banza. A duba gwangwanayen: duk wanda kansa ya kumbura ko ya zubar da wani abu mai launin tsatsa ya gama aiki. Man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya yana bushewa bayan shekaru, sai a goge tsohon a shafa sabo ɗan kaɗan. A ɗaga kwamfutar daga ƙasa, a raba ta da bango. Akwai manhajoji na kyauta, irin su HWMonitor a Windows da lm-sensors a Linux, da ke nuna zafin kowane sashe. Gwaji mafi sauƙi kuwa shi ne a cire murfin gefe a kunna mata fankar ɗaki na 'yan kwanaki. Idan ƙamewar ta tsaya, an kama ɓarawon.

Wutar da muke ba ta

Ba sai an tuna wa mai karatu halin wutar lantarki ba. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take turowa, wadda a lokacin ta kai kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Ko a lokacin da babu takunkumi, duk bazara buƙata kan fi ƙarfin abin da ake samu. Mutane sun koma ga janareta da farantan hasken rana, kuma wannan ya ƙara yawan sauye-sauyen da na'ura ke sha a rana guda.

Ɗauke wuta gaba ɗaya kowa na ganinsa. Abin da ido ba ya gani shi ne faɗuwar ƙarfinta na ɗan ƙiftawa, lokacin da firiji ko injin jan ruwa ya tashi a layi ɗaya da kwamfutar, ko lokacin da ake juyawa daga wutar gari zuwa janareta. Akwatin wuta mai lafiya yana iya cike wannan giɓi. Wanda ya gaji ba ya iyawa, sai wutar da ke isa ga RAM da ƙwaƙwalwa ta yi rawa, lissafi ya rikice, kwamfuta ta ƙame alhali fankarta na ci gaba da juyawa.

A nan mutane kan haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Na'urar daidaita ƙarfin wuta tana ɗaga wutar da ta yi ƙasa, ta rage wadda ta yi yawa, amma ba ta da batir, idan aka ɗauke wuta ita ma ta tafi. Ondilar, wato akwatin da ke da batir a ciki, shi ke riƙe kwamfuta na 'yan mintuna. Saba tana buƙatar ondilar, kuma tana buƙatar a haɗa su da igiyar USB domin idan batir ya kusa ƙarewa ta rufe kanta cikin tsari. Sai dai batirin ondilar ma zafi na cin sa. An auna rayuwarsa ne a digiri 25, kuma a ɗakunanmu ba ya kai shekarun da aka rubuta. Ondilar mai mataccen batir kwalliya ce kawai. A gwada shi lokaci-lokaci ta hanyar zare shi daga bango a ga ko zai riƙe.

Hanya mafi tabbas ta gane akwatin wuta mai laifi ita ce a aro wani mai lafiya a sa na mako guda. Masu amfani da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi su sani cewa samfuri na 4 yana son wuta mai ƙarfin bolt 5.1 da amfiya 3. Cajar waya ta bakin titi ba kasafai take ba da haka ba, kuma ƙarancin wuta na lalata ɗan katin da komai ke kai.

RAM da faifai

RAM na iya samun tabo a wuri guda ƙarami, kwamfuta ta yi kwanaki ba ta taka wurin ba, ranar da ta taka ta faɗi. Wannan ba matsalar kayan gwanjo kaɗai ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan kwamfutocin kamfanin Google ya gano cewa sama da kashi 8 cikin 100 na sandunan RAM ɗinsu na samun kuskure a kowace shekara, a ɗakunan da ake sanyayawa dare da rana. Memtest86+ manhaja ce ta kyauta da ake sa wa a kan makullin USB, a tayar da kwamfuta da ita, a bar ta ta kwana tana gwaji. Kuskure ko guda ɗaya ya isa hujja. Idan sanduna biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci ma ba lalacewa ba ce, ƙura ce ta shiga ramin, cirewa da gogewa da mayarwa sun wadatar.

Faifan ajiya shi ma yana da rahoton lafiyarsa da ake kira SMART, ana karanta shi da CrystalDiskInfo ko smartctl. Layi mai lamba 5 yana ƙirga wuraren da suka lalace aka maye gurbinsu, mai lamba 197 yana ƙirga waɗanda ake shakkarsu. Idan waɗannan lambobi na ƙaruwa, faifan na kan hanyar mutuwa. Layi mai lamba 199 kuwa yawanci igiyar da ke haɗa faifan yake tuhuma, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma kada rahoto mai kyau ya sa a saki jiki, domin wani binciken na Google a 2007 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na faya-fayan da suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba.

A nan ne haɗarin gogewa ya fi muni. Faifan da ke gargara yana da sauran 'yan awoyi na aiki a jikinsa. Hankali shi ne a yi amfani da su wajen kwashe abin da ke ciki. Idan aka ɓata su wajen zuba sabon Windows, an yi gyaran gangar Auzinawa, hotunan bikin mutane da bashin da ake bin abokan ciniki sun tafi ba dawowa.

Wadda ke ƙamewa tana zaune

Akwai wani nau'i da ke rikita har ƙwararru: kwamfuta ta yi aiki mai nauyi lafiya lau, amma da an bar ta shiru da dare sai ta ƙame. Dalilin sau da yawa shi ne barci mai zurfi da ƙwaƙwalwa ke shiga don rage cin wuta, ta kasa farkawa. An san wannan matsala a ƙananan na'urori masu ƙwaƙwalwar Intel ta zuriyar Bay Trail, irin su Celeron J1900, idan suna kan Linux, inda ake magance ta da ƙara intel_idle.max_cstate=1 a saitin tashi. An san ta kuma a Ryzen na farko na kamfanin AMD, inda ake sauya saitin Power Supply Idle Control a cikin BIOS zuwa Typical Current Idle. Ko sau goma aka goge irin wannan kwamfuta, za ta koma gidan jiya.

Duk wannan bincike yana da sharaɗi guda: a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a jira. Wanda ya canza RAM da akwatin wuta da faifai rana guda, ko ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba, kuma ya biya kuɗin abu biyu a banza.

Uzurin masu gyara

Masu gyara na da abin cewa, kuma ya kamata a saurare su. Gogewa aikin awa biyu ne, bincike aikin mako guda ne. Mai kaya yana tsaye a ka yana son na'urarsa yau, kuma ba ya son biyan kuɗin aikin da bai ga an sauya wani ƙarfe ba. Sannan gaskiya ne cewa wani lokacin manhajar ce ke da laifi, musamman inda aka cika kwamfuta da manhajojin sata da ba a san abin da aka cusa a cikinsu ba.

Na yarda da wannan duka, sai dai bai wanke saurin gogewa ba. Akwai hanyar raba gardama da ba ta taɓa faifai: a tayar da kwamfutar da Linux daga makullin USB, a bar ta tana aiki kwana biyu ko uku. Idan ta ƙame a hakan, manhajar da ke kan faifai ta kuɓuta daga zargi. Idan ba ta ƙame ba, zargi ya koma kan manhajar ko faifan kansa, sai a kwashe bayanai tukuna a yi abin da ya dace. Batun kuɗi kuwa laifinmu ne mu masu kai gyara. Muna biyan likita kuɗin awo kafin ya rubuta magani, amma muna jin ƙyashin biyan mai gyara kuɗin ganowa. Muddin gogewa kaɗai ake biya, gogewa za a ci gaba da sayar mana.

Abin da ya rage gare mu

Ga 'yan'uwa da ke waje masu aiko da kwamfutoci gida: tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ofisoshi da dama na rabuwa da na'urorin da ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, kuma da yawansu na da sauran amfani a matsayin saba idan aka sa musu Linux. Kafin ka sa ta a kwantena, ka kwana kana gwada RAM ɗinta, ka duba rahoton faifanta, ka sauya man sanyaya. Idan daga Amurka take, ka duba bayan akwatin wutar: wasu tsofaffi na da ɗan jan maɓalli mai 115 da 230, kuma wutar gida 220 ce, wanda ya manta da shi zai ji ƙara da hayaƙi. Ka haɗa da kuɗin ondilar a lissafinka. Ka sa a saita BIOS yadda za ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, domin kada ka riƙa kiran ƙaninka da tsakar dare ya je ya danna maɓalli.

Ga cibiyoyin koyar da sana'a da iyayen gida a shagunan gyara: yaron da aka koya wa zuba Windows kaɗai an ba shi rabin sana'a. A koya masa karanta littafin na'ura, da auna wuta da mita, da haƙurin jiran sakamakon gwaji. Wanda ya iya wannan shi kantin magani da makaranta za su riƙa nema, su kuma biya shi da daraja.

Ga mai sabar kansa: ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙa'idar da masu harkar suka daɗe suna bi ita ce kwafi uku na duk abin da ba ka son rasawa, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gida daban. Faifai na biyu da ke cikin akwati ɗaya da na farko wuta ɗaya suke sha, tsawa ɗaya ke kashe su a damina. Ranar da sabarka ta fara ƙamewa, aikin farko shi ne kwashe bayanai, na biyu buɗe littafi da rubuta lokaci. Gogewa ta zo a ƙarshe, bayan an tabbatar da cewa ita ce maganin. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu.